Cindo Maharbi da Wuƙar Gindin Marke

Ranar Laraba da hantsi, ran tara ga watan huɗu na lissafin manoma, a shekarar da rijiyoyin arewa suka ƙafe, wani maharbi ya durƙusa a bayan suri cikin dajin da babu hanya sai ta giwaye. An haife shi da yatsu shida a hannun dama, shi ya sa ake ce masa Cindo. A bayansa akwai gidaje goma sha ɗaya, maza da mata da dabbobi, waɗanda ƙishirwa ta koro daga garinsu. A gabansa kuwa ga wani tsohon marke, idon ruwa na ɓuɓɓugowa daga gindinsa, ga kuma wata baƙar ɓauna kwance tana gadin ruwan.

Magabata sun ce ɓaunar nan ta kashe maharba bakwai, kuma duk kibiyar da ta taɓa fatarta sai ta lanƙwashe kamar kara. Amma a cikin ayarin akwai wani maƙeri mai suna Toro, mutum mai ƙarfin hannu da kaifin baki. Shi ne ya narka fartanyar mahaifinsa ya ƙera kibiya guda, aka shafe ta da dafin kwankwani. Cindo ya ɗana ta, ya ja baka har kunne, ya saki. Sau ɗaya ya harba. Ɓauna ta miƙe, ta yi taku uku, ta faɗi da kanta yana duban gabas. Daga ranar maroƙa suka sa masa kirari: Cindo gagara-ɓauna, biyar na riƙon baka, na shida na ajali, kibiya ɗaya maganin ƙishirwar gari.

Da ɓauna ta faɗi, Cindo bai taɓa ta ba. Ya koma gefe, ya zauna, ya juya wa nama baya. Wannan ita ce dokar maharba tun kaka da kakanni: wanda ya harba ba ya rabo. Dalilinsu shi ne, hannun da ya sha wahalar harbi ba ya ganin kason kowa sai nasa. Toro ne ya feɗe, ya raba gida-gida, aka kai wa Cindo cinya guda, ya karɓa bai duba ta kowa ba.

Nan suka kafa bukkoki, aka kira wurin Marken Cindo, aka kuma naɗa shi sarki. A wancan zamani hasken Musulunci bai iso ƙasar ba tukuna, mutane suna bautar abin da suka tarar iyayensu na bauta. Wata tsohuwa mai suna Tanoma ita ke kula da gindin marke. A hannunta wuƙar yanka take, wadda Toro ya ƙera mata. Ita ke faɗin ranar shuka, a gabanta ake rantsuwa, kuma abin da ta ce marke yana so, babu mai musu, ko da sarki ne.

Shekara goma sha huɗu gari yana bunƙasa. Aka yi ganuwa mai ƙofa uku. Cindo ya yi gandu, ya sa dokar kowane magidanci ya yi masa gayya kwana biyu a mako, har rumbunansa suka kai goma sha biyu. Kowa ya yi shiru sai Toro. A tsakiyar fada yakan ce, “Cindo, mun gudo daga ƙishirwa, ba mu zo neman ubangida ba. Ɓaunar da ka kashe ma ruwa kaɗai ta hana mu, ba ta sa mu noma ba.” Sarki yakan yi murmushi, amma maganar tana cinsa a rai.

A shekara ta goma sha biyar Tanoma ta rasu, ba ta bar magaji ba. A daminar nan kuma ruwa ya ɗauke bayan shuka ta kai gwiwa. Gero ya bushe a tsaye, idon ruwa ya koma ɗigo. Tsoro ya kama mutane, aka fara raɗe-raɗin cewa marke ya yi fushi, jinin akuya ba zai ishe shi ba, sai na mutum. Dattawa suka ɗauko wuƙar Tanoma suka ajiye a gaban Cindo, suka ce, “Kai ka buɗe mana ruwan nan, kai ya kamata ka yi magana da mai shi. Ka riƙe baka, ka riƙe wuƙa. Wanda ka nuna, shi ke nan.”

Cindo ya karɓa, ya ce a ba shi kwana uku.

Yana da kawu, ƙanen mahaifiyarsa, mai suna Arzika, wanda ke kula da rumbunan gandu. Arzika ya same shi a zaure ya ce, “Ɗana, tsuntsu biyu ne ga dutse ɗaya. In ka ce marke ya zaɓi maƙerin nan, wa zai ce ƙarya ne? Da baka kana kashe na nesa, da wuƙar nan kuwa har harshen mutane za ka yanke.”

Gaskiyar magana, zuciyar Cindo ta karkata. Ya juya wuƙar a hannunsa, ya ga lalle babu mahaluƙin da zai iya ce masa a'a. Da can in ya yi hukunci, mutum yakan ruga gindin marke ya kai kuka wurin Tanoma. Yanzu kuwa in mutum ya gudu daga fada zuwa marke, shi ɗin dai zai tarar a can.

A rana ta uku da la'asar, wasu maharba suka dawo daga daji da gwanki, suka sauke shi a ƙofar fada don a raba, saboda yunwa ta fara shiga gidaje. Cindo yana kallo daga zaure. Ya ga wanda ya harbo gwankin, magidanci mai iyali tara, ya koma gefe ya zauna, ya juya baya, alhali cikinsa a ɗaure yake da rawani don yunwa. Babu wanda ya umarce shi. Sarki ya daɗe yana duban bayan mutumin nan. Sannan ya ce a buga ganga, gobe da hantsi kowa ya hallara a gindin marke.

Da gari ya taru, Cindo ya fito da baka a kafaɗa, wuƙa a hannu. Ya ɗaga murya ya ce, “Toro maƙeri, fito.”

Mata suka ɗora hannu a ka. Arzika ya sunkuyar da kai yana ɓoye fara'arsa. Toro ya ratso jama'a bai yi sauri ba, bai kuma yi nawa ba, ya tsaya ya dubi wuƙar, ya ce, “Ni na ƙera ta, na san kaifinta. In za ka yanka, ka yanka da tsakiyarta, wajen tsinin ya ɗan dakushe. Kada ka kunyata aikina a gaban mutane.”

Cindo ya juya wuƙar, ya kama tsinin, ya miƙa masa ƙotar.

“Ranar ɓauna,” in ji shi, “wa ya harba?”

“Kai.”

“Wa ya raba?”

Toro ya ce, “Ni.”

“To, ni maharbi ne ɗan maharbi. Na riƙe baka, ba zan riƙe wuƙa ba. Karɓi.”

Toro bai miƙa hannu nan da nan ba. Ya ce, “Ka sani fa, in na karɓa bakina ba zai sake ba.”

“Don bakin na ba ka,” in ji Cindo.

Maƙeri ya karɓi wuƙa, ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ce, “Ni dai marke bai ce mini yana son jinin kowa ba, ban kuma taɓa jin Tanoma ta faɗi haka ba. Abin da kunnena ke ji shi ne kukan yunwa. Ga rumbu goma sha biyu can a gandu, gumin garin nan ne a ciki. A buɗe su yau.”

Arzika ya zabura ya ce, “Ɗana, ka ji ko? Tun ba a je ko'ina ba ya fara da kai! Karɓe abarka!”

Duk idanu suka koma kan sarki, ga baka a kafaɗarsa, ga kwari cike da kibau. Cindo ya sauke bakan, ya ajiye a ƙasa, ya koma gefe ya zauna, ya juya wa rumbunansa baya. Haka ya zauna har rana ta yi tsaka, Toro yana raba damman gero gida-gida. Da aka gama aka kawo wa sarki kasonsa, daidai da na kowane magidanci mai iyali irin nasa. Ya karɓa bai duba na kowa ba. Ba a zubar da jinin kowa ba, kuma babu wanda yunwa ta kashe a Marken Cindo a shekarar. Bayan kwana shida Allah Ya saukar da ruwa, idon ruwa ya dawo da ƙarfinsa.

A zamanin jikan jikan Cindo malamai fatake suka iso da Alƙur'ani. Gidan Toro ne suka fara karɓar Musulunci, suka bar yanka a gindin marke, suka wanke wuƙar, daga cikinsu aka sami limamin farko. Da Turawa suka zo, wani jami'insu ya so sarki ya riƙa naɗa liman da kansa don aiki ya yi sauƙi, sarkin lokacin ya ce wannan ba ya cikin abin da ya gada. Da zamanin ƙuri'a ya zo, masu neman kujera suka so a yi musu huɗuba, liman ya ce su je fada, can mai riƙe da baka yake.

Har yau sarkin Marken Cindo ba ya naɗa liman, ba ya tuɓe shi, kuma ba a taɓa haɗa sarauta da limanci a gida ɗaya ba. Ranar naɗin sabon sarki, kafin a ɗaura masa rawani, ana kai shi gindin marke ya zauna a ƙasa ya juya wa jama'a baya. Liman yakan tsaya da tsohuwar wuƙar a hannu ya tambaye shi, “Wa ya harba?” Ya ce, “Ni.” Ya sake tambaya, “Wa zai raba?” Ya ce, “Ba ni ba.” Sarakuna ashirin da uku aka naɗa bayan Cindo, kowannensu ya ba da wannan amsa.