Matar da Take Hure Kyandirinta

'Yan'uwana na wannan shafi, salama a gare ku. Kwana da kwanaki ke nan wata magana tana cin raina, ko abinci ba ya mini daɗi. Autana ne ya same ni ina wanke-wanke, ya ce, "Mama, ina so in shiga makarantar zama Fada, limamin coci." Na ce masa bari in yi addu'a. To, ina yi, amma tsakani da Allah, addu'ar tawa ita ce Allah Ya sa yaron nan ya manta. Ina cikin haka wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta ba ni wannan labari. Ni ba mai dogon karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutuna.

Akwai wata mata mai ɗinki, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tal. Kowa Tilo yake kiran yarinyar, har sunanta na baftisma ya ɓace a bakin mutane. Da keken ɗinki uwar ta raine ta. A ƙasan akwatinta kuma akwai wani farin yadi da ta ɓoye tun Tilo tana ƙarama, tana jiran ranar da za ta ɗinka mata rigar aure da hannunta.

Ran nan Tilo tana taya ta sa maɓalli, sai ta ajiye allura ta ce, "Mama, ni fa Sistar coci nake so in zama, irin waɗanda ba sa aure."

Keken ya tsaya cak.

"Sista? To, ni kuma in zama me? Wa zai goya mini jika? Wa zai rufe mini ido?"

"Mama, ba gudu zan yi ba. In ba ki sa mini albarka ba, ba inda za ni."

"To, kin zauna ke nan," in ji uwar, ta ci gaba da taka keke kamar da shi take faɗa.

Tilo kuwa ta zauna. Ba ta yi musu ba, ba ta ɓata rai ba. Sai dai waƙar da takan yi in tana shara ta ɗauke, zanenta ya fara yi mata yawa a ƙugu. Lokacin da gidan Sistoci yake karɓar sababbi yana ta matsowa, ita kuma uwar ta kafe.

A cocinsu, gefen hagu, akwai siffar Uwa Maryamu, gabanta da wani faffaɗan tire mai yashi inda ake kafa kyandir. Kullum bayan Misa, wato sujadar safe, mai ɗinki takan durƙusa a wurin, ta ciro kyandir daga jaka ta kunna, ta shiga yi wa Allah bayani dalla-dalla: Ya cire wa Tilo wannan tunani, Ya kawo miji mai tsoronSa, mai aikin yi, wanda gidansa ba nisa. In ta gama sai ta ce, "Na bar maka komai, ya Ubangiji." Daga nan ta hure kyandirin, fuf, ta jira ya huce, ta mayar jaka. A ganinta barin sa ya ƙone ba kowa a wurin ɓarna ce.

Mai kula da wannan tire wata tsohuwa ce da ake kira Mama Kyandir. Da 'yar wuƙarta take kankare abin da ya narke, ta tsince guntayen da suka rage, ta tafi da su gida ta narka a tsohuwar tukunya, ta zuba a ƙananan gwangwanaye da sabon lagwani. Waɗannan take kunna wa waɗanda ba su da mai kunna musu: marasa lafiya, fursunoni, da yaran da suka bar gida. Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma ita ce uwar baftismar Tilo, kuma kullum da yamma Tilo ce take zuwa ta ɗiga mata maganin ido.

Mai ɗinki ta yi ta saƙa da warwara, har zuciyarta ta tsaya a kan cewa tsohuwar nan ce ta hure wa 'yarta kunne. Wata safiya da coci ya watse, ta tsaya a kanta tana kankara.

"Mama, wurinki na zo. Ki sakar mini 'yata."

Tsohuwa ta ɗago. "Ikon Allah. A aljihu na sa ta?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ke da ba ki taɓa jin zafin naƙuda ba, ina za ki san abin da nake ji? Kyauta da ɗan wani ai ba wuya."

Maganar ta shiga. Wuƙar tsohuwa ta faɗi cikin yashi. Ta ɗauka, ta goge a gefen zanenta. Can ta matsa a kan benci.

"Zauna, 'yata. Gaskiyarki, ban san naƙuda ba. Amma kin san abin da na gaya wa Tilo? Cewa na yi, ko da ƙafa ɗaya kada ta fita sai da albarkarki. Kuma kina tsammani ni ina so ta tafi? Wa zai riƙa ɗiga mini magani? Jiya da na gwada da kaina, a hanci na zuba."

Dariya ta kusa kuɓuce wa mai ɗinki, ta danne.

Tsohuwa ta ɗauko ɗaya daga cikin gwangwanayenta. "Kin ga wannan? Akwai ragowar kowa a ciki. Na mai neman aiki, na mai ciwo, har na Fada. Naki ne kaɗai ban taɓa samu ba. Kullum ina kallonki, ki ce kin bar wa Allah, sannan ki hure ki sa a jaka. Wa yake ba da akuya ya riƙe igiya?"

"Ai don kada ya ƙone a banza ne."

"A banza? Ai a lokacin ne yake yi miki addu'a, bayan kin tafi. Ni ma shekaru na yi ina durƙuso a nan ina neman ɗa, har gwiwata ta yi kanta. Ran da na gaji, na ce, Uwa, ke da kika tsaya a gindin gicciye kina kallon naki, koya mini yadda ake buɗe hannu. Na bar wutar tana ci na fita ina kuka. Ciki dai ban samu ba. Amma ba a daɗe ba Fada ya kira ni, ga jaririya za a yi wa baftisma, ubanta ya rasu, uwarta ba ta da wanda zai tsaya mata."

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai. Ta tuna ranar. Ita ce uwar, Tilo ce jaririyar.

"Ke kika fara ba ni 'ya," in ji tsohuwa. "Ban ƙwace ta ba a lokacin, ba yanzu zan ƙwace ba."

Washegari mai ɗinki ta zo da guntun kyandirinta, ta kafa ta kunna. Ta buɗe baki za ta fara jero wa Allah sharuɗɗa, sai ta ji ba abin da ya fito sai, "Taka ce. Ka yi yadda Ka ga dama." Ta tashi. Bakinta har ya tattaru zai hura saboda sabo, ta sa hannu ta toshe shi. Daga wurin zuwa ƙofar coci ba nisa, amma ta ce ba ta taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba.

Da ta isa gida ta buɗe akwati, ta ciro farin yadin, ta ce, "Tilo, zo in auna ki. Su Sistocin nan, wane irin hannu suke so a riga?"

Tilo ta durƙusa ta rungume ƙafafunta. A ranar, tsintsiya ta sake jin waƙa.

Ba a ce ba zafi. Bayan Tilo ta tafi, ɗakin ya yi wa mai ɗinki faɗi, takan zuba abinci kwano biyu ta manta. Da yamma ta yi sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Mama Kyandir.

"Kawo idon, Mama."

"A hankali dai, tela, ido ne ba maɓalli ba."

A nan ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Wannan ya shigo da ruwa ya ce Mama, wancan ya zo gyara ƙofa ya ce Mama, wata ta kawo jariri a sa masa albarka. Matar da aka yi wa gorin haihuwa, ɗakinta ba ya rabo da takalma a bakin ƙofa.

Da idon tsohuwa ya ƙara rauni, ta miƙa wa mai ɗinki 'yar wuƙar da tukunyar. Wata safiya tana kankarar tire, sai wata yarinya da goyo ta tsaya a bayanta tana murza bakin zane.

"Mama, don Allah, za a yi wa ɗana baftisma, ba ni da kowa. Ko za ki tsaya masa?"

Mai ɗinki ta kalli siffar Uwa Maryamu, ta ajiye wuƙar, ta goge hannu.

"Kwanto shi in gani," ta ce.

Darasi: Abin da ka miƙa wa Allah, kada ka mayar da shi jaka. 'Ya'ya amana ce a hannunmu, kuma uwa ba mai haihuwa kaɗai ba ce, duk wadda ta ɗauki ɗan wani a addu'a uwa ce. Ku tura wa wata uwa da take riƙe da nata kyandirin.

Ni kuwa ga ni nan, autana yana jiran amsa, in ya shigo sai ya kalli bakina. Na san abin da labarin ya ce, amma hannuna ya ƙi buɗuwa. Iyaye mata, ku da kuka riga ni shiga wannan hali, don Allah ku gaya mini, yaya zan yi?