Ranar da Ƙuri'ar Alhaji Abdulghaffar Ta Makara

Akwai wani dattijo a Jidda mai suna Alhaji Abdulghaffar, kuma labarinsa ya soma ne ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga Oktoba, 1994, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Magatakarda ne a wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Shekara goma sha biyu yana shugabantar kwamitin makarantar da Hausawa suka kafa wa 'ya'yansu a unguwar Kurayyat. Kujerar nan ita ce girmansa a idon jama'a. A wannan shekara ne aka fara samun wanda ya fito neman ta, wani tela mai suna Kassimu.

Da yawa daga cikin iyayen yara direbobi ne da masu dafa abinci a manyan gidajen Abhur, unguwar masu kuɗi a bayan gari, ba sa samun fita sai da izinin kafili, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki. Saboda haka aka amince duk wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko da ƙuri'arsa ta gidan waya, da sunansa a bayan ambulan.

A taron iyaye na wannan Juma'a a zauren makarantar, Malam Muntaka, limamin da aka damƙa wa alƙalancin zaɓen, ya kawo shawara a ƙirga duk ambulan da ya iso kafin ranar zaɓe.

Alhaji Abdulghaffar ya san Kassimu ya fi shi farin jini a Abhur. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "A'a, Malam. Larabar makon zaɓe ƙarfe goma sha biyu a buɗe akwatin gidan waya. Abin da aka tarar shi ne ƙuri'a. Abin da ya zo bayan nan a ƙone shi."

Daga bayan labulen mata, Salamatou, mai dafa abinci a Abhur, ta ɗaga murya. "Baba Alhaji, a duba mu. Takardar zaɓen akwatin kafilina za ta shiga, shi kuwa sai ya ga dama yake buɗewa. In na cika, sai na roƙi direba ya jefa mini. Ina laifina in ta makara?"

"'Yar nan, tsari tsari ne," in ji Alhaji. "Wanda ya damu da karatun ɗansa ba ya makara. Halas, magana ta ƙare."

Yawancin waɗanda ke zauren mutanensa ne. Aka ɗaga hannu, magana tasa ta tabbata.

Saura mako guda zaɓe, kamfani ya tura Alhaji garin Yanbu ya tsaya a kan sauke wani jirgin siminti. Bai damu ba. Ya cika takardarsa da kyakkyawan rubutu, ya liƙe, ya miƙa wa masinjan ofis tun ranar Lahadi. Masinja ya haɗa ta da wasiƙun kamfani, waɗanda ba a fita da su sai sun taru.

Ranar zaɓe aiki bai sake shi ba sai da rana ta take. Ya iso Kurayyat bayan La'asar, an riga an rufe akwatin zaɓe, ana tsakiyar ƙirga. Ya zauna a sahun gaba yana amsa gaisuwa.

Malam Muntaka ya gama, ya cire tabarau, ya sanar cewa Kassimu ya rinjaye shi da ƙuri'a ɗaya tak.

Idon Alhaji ya sauka kan wani ɗaurin ambulan a gefen tebur.

"Waɗancan fa, Malam?"

"Waɗanda na tarar ranar Alhamis ne. Sun makara." Malam ya ɗago ɗaurin. "Naka ne a sama, Alhaji."

Alhaji ya miƙe. "Ai ni tun Lahadi na bayar! Masinja ne ya riƙe ta. Ina laifina?"

"Ikon Allah!" in ji muryar Salamatou daga bayan labule, ta samu izinin fita a ranar. "Baba Alhaji, ashe kai ma kana da direban da kake roƙo?"

Dariya ta ɓarke har a sahun mutanensa.

Kassimu ya ɗaga hannu ya tsayar da dariyar. "Malam, Alhaji babanmu ne. Ni na yarda a buɗe su duka, nasa da na mutanen Abhur. Duk wanda Allah Ya ba, shi ke nan."

Alhaji ya dubi ɗaurin. Tasa ɗaya ce, sauran duka sunayen mutanen Abhur ne. Ko an buɗe su, Kassimu za su ƙara wa.

Malam Muntaka ya girgiza kai. "Kassimu, Allah Ya saka maka. Amma ba ni da kai muka kafa dokar ba, taro ne ya kafa ta kafin a san wanda za ta kama. Ba zan kwance ta ba don yau ta kama mai ita. Yalla, maza a kawo ashana."

A tsakar makaranta aka ƙone su ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Alhaji yana tsaye har sunansa ya zama toka. Daga nan ya ciro makullin ofishin kwamiti ya miƙa wa Kassimu.

Ga abin da Malam Muntaka ya rubuta ya sa wa hannu: Kassimu, hamsin da takwas. Alhaji Abdulghaffar, hamsin da bakwai. Waɗanda aka ƙone, tara.

Darasi: Idan aka ba ka ikon tsara doka, ka auna ta da halin wanda ya fi kowa rauni a cikin jama'a, domin ba ka san ranar da za ka tsinci kanka a matsayinsa ba. Ku isar da wannan ga duk wanda ke riƙe da amanar mutane.