Mai Maganin da Ya Aiki Gwaggonsa Kasuwa

An yi wani mutum a Gashua, shekarun nan da cutar bushiya ta bi garken shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan. Mai magani ne, na waɗanda baƙin ciki ya rufe wa baki. Yana da wani jiƙo da ake sa wa zaƙami kaɗan. In mutum ya sha sai ya yi ta gane-gane, ya yi kuka, ya amayar da abin da ke cinsa. Wasu kam sun samu sauƙi. Ni dai ban ce ku sha ba.

Aikin yana da ƙa'ida tun daga wanda ya koya masa. In mace ce, tsohuwa za ta zauna a ɗakin har maganin ya sake ta. In kuma mai magani ya ji zuciyarsa ta fara karkata, ya gaya wa tsohuwar, a miƙa mara lafiyar ga wani. Tasa tsohuwar gwaggonsa ce, Gaji.

Sai wani Bafulatani daga wajen Jakusko, Hamajoɗa, ya kawo matarsa Madina. Shanunsu sun ƙare, ɗanta ya rasu, ta daina magana. Ya bar ta hannun Gaji, ya koma wurin 'yan awakin da suka rage.

Kun san kunyar Fulani. Matar da ko ido ba ta haɗawa da namiji, da ta sha jiƙon sai ga ta riƙe da hannun mai maganin tana kuka: "Kada ka tafi, kai kaɗai ke ji na." Ya 'yan uwa, wa take gani? Mijinta? Ubanta? Ɗan da ta rasa? Allah ne masani. Mutumin nan kuwa sai ya ɗauka shi ake so.

Gaji ta lura. Ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka fara shafa turare don dama magani?"

Ya ce, "Gwaggo, hancinki ya tsufa."

Ta ce, "Idona fa? A kai yarinyar nan Nguru wurin abokin aikinka."

Ya ce sai ta ƙara jin sauƙi.

Nan ya shiga uku. In maganin ya sake ta, Madina sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ba ta ma tuna abin da ta faɗa. Shi ko abinci ya gagare shi, so yake ya sake jin maganar. Ya fara ba ta jiƙon ba don tana bukata ba. Ran kasuwa ya aiki gwaggonsa sayo kanwa, ya rufe ƙofa, ya ƙara wa Madina zaƙami fiye da yadda aka koya masa.

Hankalin Gaji bai kwanta ba, ta juyo daga hanya. Ta tarar da Madina tana ihu, tana kakkaɓe abin da babu a jikinta, ba ta gane kowa. Shi yana tsaye, yana rantsuwa bai taɓa ta ba. To ko da gaskiya ce, me ya kai shi rufe ƙofa?

Hamajoɗa ya zo ya sa matarsa a akori-kura, hannuwanta ɗaure da zane. Bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Na kawo maka ita ba ta magana. Yanzu tana yi, amma ba da mutane ba."

Gaji ta bar gidan. Ko mai ciwon kai bai sake taka ƙofar mai maganin ba. Ya gudu Nguru. Ni na gan shi a tashar jirgi, raɓe tsakanin buhuna, in ya hango Bafulatani da sanda sai ya zabura.

Ya 'yan uwa, motsin zuciya ba shi ya kai shi ƙasa ba, wannan yana zo wa kowa, har masu furfura. Ɓoyewa ce, da korar shaida. Kai likita, kai mai ɗori, kai malami mai ba da rubutun sha: wadda ciwo ya kawo gabanka amana ce, abin da ta faɗa cikin maye ba naka ba ne. Ranar da ka ji kana son ɗakin ya zama daga kai sai ita, ranar za ka kira tsohuwa ka faɗa mata.

Allah ya kiyaye mu daga zukatanmu, ya kiyaye marasa lafiya daga hannuwanmu. Amin.