Kifin Mato a Cikin Wutar Mai Tari

"Dalilin da ya sa kifin banda yake baƙi ƙirin," in ji Kawu Barau, yana gyara zama a tsakiyar yara, "kakana Mato ne, mutumin da bai taɓa kuskure a kan ruwa ba. Ku matso."

A da, a rana ake shanya kifin Tafkin Chadi, ya bushe fari tas, bai daɗe ba ya soma wari. Sai aka kawo wani jirgi mai hayaƙi guntu-guntu a bayan raƙuma, aka harhaɗa shi a gaɓa. Mutane suka sa masa suna Mai Tari. Shi ke kai kanwa da gero da fatake tsibiri-tsibiri, abincinsa itace. Mato ke hura masa wuta.

Wata safiya Mato ya rasa inda zai sa kifinsa buhu bakwai. Ya faki ido, ya sauke rabin itacen jirgi, ya cusa buhunan, ya rufe da tabarma.

Suna tsakiyar tafki iska ta juya. Tsibiran ciyawan nan masu yawo a kan ruwa suka taso dama da hagu, hanya ta fara tsukewa. In suka haɗe, jirgi ya maƙale ke nan, da mutum arba'in a ciki.

Kyari matuƙi ya leƙo. "Mato, ƙara wuta."

"Ana ƙarawa."

"Ban ji tarinsa ba."

Mato ya laluba, itace saura biyu. Ciyawa ta soma gugar jikin jirgi, wata tsohuwa ta kama salati.

"Mato, ina itacen da na gani da idona?"

Mato ya kwance buhu, ya watsa kifi a wuta. Kitse ya kama. Mai Tari ya yi tarin da bai taɓa yi ba, ya kutsa ta 'yar kafar da ta rage, ciyawa ta rufe a bayansa. Buhu shida wuta ta cinye. Na bakwai hayaƙi ya turare shi baƙi, ya yi wata biyu bai lalace ba.

"Shi ya sa har yau ake sa wa kifi hayaƙi," Kawu Barau ya ƙarasa.

Daga bayan zana Gwaggo Yagana, ƙanwar mahaifinsa, ta ɗago daga tankaɗe. "Barau, uban nawa kake nufi? Wanzamin da ko rafi sai an goya shi? Da banda uwarsa ta raine shi."

Kawu Barau ya dubi sama. "La'asar ta yi," ya ce, ya tashi neman buta.

Ko azahar ba a kira ba.