Manomin da Ya Liƙe Rumbun Wofi

Akwai wani manomi a wani ƙauye, Allah ya sa wa gonarsa albarka har dawa ta cika masa rumbu biyu. Kaka ba ta gama wucewa ba sai ga 'yan kasuwa da motarsu suna taya hatsi da tsada. Idonsa ya rufe. Matarsa Rifkatu ta roƙe shi ya bar ko rumbu ɗaya saboda yara, ya ce mace ina ta san kasuwa. Ya sayar kaf, ya sayi babur da manyan riguna.

To, a garin nan, in rumbu cike yake ana liƙe bakinsa da laka a ɗora jinka, wanda aka cinye kuwa a buɗe ake barinsa ya sha iska. Sai mutumin nan ya kwaɓa laka da hannunsa ya liƙe rumbunan wofi, wai kada maƙwabta su ce ya tsiyace. Ku ji shirme fa! Duk mai wucewa sai ya ce lalle gidan nan akwai abinci, shi kuwa yana hakimce a ƙofa yana amsa gaisuwa.

Damina ta yi tsakiya, yunwa ta shigo gari. A gidansa tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu tsararo. Ikilisiya ta tara masara, dattawa suka bi gida gida da amalanke, duk inda suka ga rumbu a buɗe sai su auna wa masu gidan. Da suka iso ƙofarsa, Rifkatu ta hango buhunan, ta yi ajiyar zuciya. Amma Baba Irmiya, babban dattijon, ya dubi rumbunan nan a liƙe ya ce:

“Ɗan'uwa, masarar nan ba za ta kai ko'ina ba. Taimaka ka fasa rumbu ɗaya saboda gwauraye da marayu.”

Ga hanya Allah ya buɗe masa. Da ya ce babu komai a ciki, da shi ke nan, 'ya'yansa sun ci. Amma ina! Ya gyara wuyan riga ya ce lokacin fasa rumbunsa bai yi ba tukuna. Dattawa suka dubi juna, suka tura amalanken gaba ransu a ɓace.

Rifkatu ta fito ta tsaya a gabansa. “Baban Tabita, ka gwammace a ce kai marowaci ne da a ce ba ka da shi? To, shiga ka gaya wa yaran nan da bakinka. Ni na gaji da ce musu tuwo bai nuna ba.”

Bai shiga ba. Ya ɗauko tsumma ya hau goge babur.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun nan rayuwarmu ce, lakar kuwa ƙaryar da muke shafawa don mutane su yabe mu. Kwaɗayi ne ya kwashe hatsin, girman kai ya hana a zuba wani. Talauci ba zunubi ba ne, 'yan'uwa, amma abin haushi, mu nawa ne muke shigowa sujada cikin kayan kece raini, a tambaye mu lafiya mu ce sai godiya, alhali ciki babu abinci, zuciya babu salama? Yesu bai taɓa korar wanda ya zo masa hannu wofi ba. Fasa lakar nan, ka faɗi gaskiya a gaban Allah da ikilisiya. In ka ƙi, taimako zai zo har ƙofarka ya wuce, kuma ba kai kaɗai za ka kwana da yunwa ba.