Dardumar Sarki Yahuza da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, Yahuza sunansa, adali ne, sai dai Allah Ya jarrabe shi da zargi, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Kwamfuta guda ce ke buɗe ƙofofin madatsar ruwan birnin, sai ya tsorata kada maƙiya su leƙa ƙwaƙwalwarta, ya umarci injiniyarsa Saudatu ta sa duk abin da ke ciki ya koma rubutun sirri da zarar an kunna, kada a bar ko harafi a buɗe. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya katse ta.

Aka kunna. Uwar manhajar da ke tayar da na'urar ta shiga kulle ƙwaƙwalwa, ta haɗa har da umarnin da ita kanta ke karantawa, sai ta tsaya cik. Ruwa ya yanke, shukar rani ta fara yaushi. Sarki ya ce cin amana ne, in rana ta faɗi na'ura ba ta tashi ba, Saudatu sai kurkuku.

Hankalin Waziri Haliru ya tashi ƙwarai, domin shi ya kawo ta fada, ta kuma gaya masa inda matsalar take. To, amma wa ya isa ya ce wa Yahuza umarninsa ne kuskure? Ya wuni yana neman dabara. Da la'asar ya shiga wurin sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah Ya ja zamanin sarki, alfarma nake roƙo. Sarki ya naɗe dardumar da yake zaune a kai da hannunsa."

Sarki ya yi masa wani irin kallo, amma ya tashi, ya sauka ƙasa, ya naɗe.

"Ranka ya daɗe, me ya sa ka sauka?"

"Waziri, ana naɗe ta ana kanta ne?"

"Haka na'urar take, ranka ya daɗe. Tana buƙatar ɗan gurbi buɗaɗɗe inda za ta tsaya ta kulle sauran, in ta gama ta koma ciki ta share sawunta. Gurbin nan Saudatu ta so roƙa ranar da aka katse ta."

Waziri ya fara salati a zuci. Sarki ya dubi ƙafafunsa a kan daɓe, ya ce, "A ba ta gurbin."

Kafin magariba ruwa ya koma gonaki. Sarki ya ba Waziri dardumar, ya nemi afuwar Saudatu a gaban fadawa, ya ce, "Shugaban da ya ba da umarni bai bar wa mai cikawa wurin tsayawa ba, in an gaza, shi adalci zai fara tuhuma."