Gabun da Ba Ya Dushewa

An yi wani mutum a Bodinga, zamanin Nasara, sana'arsa gabu. Kun dai san gabu: ganyen albasa ne, a daka, a dunƙula, a shanya don miya. In ya daɗe sai ya dushe, mata su wuce shi a kasuwa ko tayi babu.

Wata rana mutumin nan ya mance dakakken ganye cikin tasar tagulla mai ragowar ruwan tsamiya. Da ya dawo ya tarar da shi kore shar. Shaiɗan kuwa ba ya neman ƙofar da ta fi wannan faɗi. Ya shiga kankare koren tsatsar da ke fitowa jikin tagulla, yana barbaɗawa a turmi, can bukkarsa ta garka inda ba mai gani. Gabunsa sai ya shekara, ka rantse jiya aka yanko shi.

Arzika maƙerin fari, mai sayar masa da tsofaffin tasoshi, ya gane. Ya ce, "Wanga abu dahi na. Don shi aka shahe tasa da dalma kahin a ci tuwo ciki."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan kaɗan na. Wa yat taɓa mutuwa don gabu?"

Amma shi ba ya ci. Dusasshe yake kai wa gidansa, koren ya ɗora wa jaki sai kasuwa.

Yana da 'yar fari, Safinatu, tana aure a Shagari. Da ta yi haihuwa ta biyu a ɗakinta, uwarta Kaltume ta haɗa kayan jego, yaji da kanwa da daddawa. Kayan da za su gidan surukai kuwa ba a sa na banza, sai ta buɗe mangalar kasuwa ta ɗebi koren gabu, ba ta san komai ba.

Yana zaure da abokansa mata suka fito da kaya. Faifai ya zame, ya ga koren da idonsa. Ya 'yan uwa, me zai ce? Uba ba ya ambaton 'yar fari gaban mutane, balle ya tambayi abin da za a kai mata. In kuma ya ce a sauke, za a ce don me. Ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa gobe zai aika. Gobe ta zo, ranar kasuwa ce. Jibi ya ce ai ɗan kaɗan ne.

Mai jego tukunyarta daban, safe da yamma. Ta fara amai, idanunta suka yi rawaya. Mata suka ce shawara ce, suka ƙara mata gabu a romo ko bakinta zai yi daɗi. Ranar da tsoro ya ci ƙarfin kunyarsa ya kama hanyar Shagari, a bakin gari ya gamu da masu dawowa daga maƙabarta. Jaririn ma bai yi mako ba ya bi ta.

Ya kasa riƙewa, ya gaya wa Kaltume. Ta dubi hannuwanta ta ce, "Ka gani, Malam? Ina ɗauke da shi bisa kaina, kag gani, kay yi kurum?" Ba ta sake kwana gidansa ba. Garka ta bushe, shi kuma ya tsufa shi kaɗai, abin tausayi, ba mai cin ko goro daga hannunsa.

Kabari biyu ya sani. Na garuruwan Dandin Mahe da Dingyadi fa, inda yake kai gabu, 'ya'yan mutane da suka ci shekara da shekaru? Allah ya san adadinsu, kuma zai tambaya.

Ya 'yan uwa, abin da ba za ka zuba a tukunyarka ba, kada ka sayar wa ɗan'uwanka. Kunyar da ta hana ka ceton rai kuwa ba ita Musulunci ya yaba ba.

Allah ya jiƙan Safinatu da ɗanta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yan mutane daga hannunmu.